Tarihin Kula da Hankalin Mai Aiki a Yankin Dutsin-Ma da Kurfi

Kula da hankalin mai aiki, wato hana nauyin sana'a ya jefa mutum cikin damuwa mai tsanani ko taɓin hankali, tsohon al'amari ne a ƙasar Hausa, ko da yake bai shiga dokokin gwamnati ba sai a 'yan shekarun nan. A yankin Dutsin-Ma da Kurfi da ke tsakiyar Jihar Katsina, wurin aikin yawancin jama'a shi ne gona da makiyaya da kasuwa da maƙera. Ofis da aji da asibiti daga baya suka zo. Tarihin wannan kulawa ya ratsa zamanin gandu da gayya, da zamanin Turawa, da zamanin albashi, har zuwa shekarun rashin tsaro. A duk waɗannan zamunna, mai aiki ya fi samun natsuwa a lokacin da aikinsa ke da iyaka kuma yake da waɗanda za su kama masa, ya kuma fi shiga ƙunci a lokacin da aka bar shi da nauyin shi kaɗai.

Gandu da gayya

Kafin zuwan albashi, gandu ne ginshiƙin aikin karkara. Maigida da 'ya'yansa maza, har da masu aure, wani lokaci da ƙannensa, suna noma gona ɗaya, su tara amfanin a rumbu ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya. Kowane ɓangare da haƙƙin da ke wuyansa. 'Ya'ya su ba da ƙarfinsu, uba kuwa ya ciyar, ya tanadi fartanya da garma, ya biya haraji, ya yi wa ɗa auren fari, ya ɗauki hidimar suna. Aikin kuma yana da iyaka. Akan fita da sassafe a tashi wajen azahar, sauran yini na mutum ne, ya tafi gayaunarsa ko ya kama wata sana'a, abin da ya samu nasa ne. Ranar Juma'a ba a aikin gandu, a wasu wuraren ma har da ranar kasuwa.

Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa da ke arewa da Kurfi a shekarar 1967, ta nuna a littafinta na 1972 cewa gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa, kuma ya fi ɗorewa a gidajen da ke da wadatar gona da hatsi. A gidan da talauci ya yi wa katutu, 'ya'ya kan watse da wuri su shiga ƙwadago. Wannan ya nuna cewa tun a wancan lokacin ba kowa ne ke samun wannan inuwa ba.

Gayya ita ce ginshiƙi na biyu. Manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa, ko wanda ciwo ya kwantar ana tsakiyar damina, ko saurayin da ke son faranta wa surukai, yakan kira gayya. Samari su hallara da fartanyoyi, mai gona ya kawo fura da tuwo, makaɗa su saki gangar noma suna yi wa jarumai kirari. Aikin da zai ci mako guda sai a gama shi a wuni ɗaya, fargabar rasa amfanin shekara ta gushe. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gayya ita ce wannan magana a aikace. Mata ma suna da nasu taron a wajen daka da niƙa da daɓe, inda lugude da waƙa kan ba mace damar amayar da abin da ke cin ranta game da kishiya ko miji ko uwar miji ba tare da an kama ta da laifi ba. Idan kaka ta yi, sai kalankuwa da dambe da kokawa da bukukuwan aure su raba wahalar damina da hidimar rani.

Tsarin yana da nasa aibin. Bayin da ke noma a rinji ba da son ransu suke yi ba, kuma ba su da ikon barin ubangiji. Aikin mace a cikin gida ba shi da lokacin tashi. Ƙaramin ɗa a gandu kan daɗe yana haƙuri da hukuncin uba ko na wa.

Sana'o'i, sarauta da addini

A wajen gona, kowace sana'a tana da shugabanta: Sarkin Noma, Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Kasuwa. Waɗannan su ne ke sasanta rigima tsakanin 'yan sana'a, su tsawata wa mai zalunci, su jagoranci gudummawa idan gobara ko asara ta faɗa wa wani. Abin da ya fi ƙarfinsu sai ya tafi ga mai unguwa da dagaci, har zuwa hakimi, wato 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma ko Maraɗin Katsina a Kurfi. Yaron da ke koyon sana'a a hannun ubangida ba ƙarfinsa kaɗai ake amfana da shi ba. Ubangida ne ke ciyar da shi, ya yi jinyarsa, sau da yawa ya yi masa aure ya ba shi jari. Adashi da biki suna rage raɗaɗin buƙatar gaggawa, wasan barkwanci kuwa, irin na maƙera da Buzaye ko na Katsinawa da Nufawa, yana sa a yi dariya a inda da faɗa za a yi.

Musulunci ya ƙarfafa waɗannan al'adu. Malamai suna karantar da cewa a biya ɗan ƙwadago haƙƙinsa da gaggawa, kada a ɗora wa bara abin da ya fi ƙarfinsa, idan kuma an ɗora masa a taya shi. Salloli biyar sun yanka yinin aiki gida-gida, sun kuma tara mutane a wurin da za a lura da wanda fuskarsa ta canza. Bayan jihadi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, sarkin Katsina na farko daga Fulani, littafin Usulus Siyasa. A cikinsa ya ja hankalin shugaba ga kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, da tabbatar da cewa kowane gari yana da su. Tun farkon ƙarni na 19 ke nan aka ɗauki jin daɗin masu sana'a a matsayin nauyin mai mulki a ƙasar Katsina.

Idan hankali ya taɓu

Idan damuwa ta wuce misali, mutum ya daina barci, ko ya shiga surutai, ko ya ƙaurace wa jama'a, dangi ne ke fara ɗaukar jinya. A gandu wani ɗan'uwa ke rufe gurbinsa, iyalinsa kuma su ci gaba da ci daga rumbun gida. Ana zuwa wajen malam don rubutun sha da tofi da addu'a, ko wajen boka don saiwoyi da hayaƙi, ko wajen 'yan bori don girka idan an ɗora abin a kan iskoki. Masu bincike irin su Murray Last da Lewis Wall, waɗanda suka yi aiki a ƙasar Malumfashi da ke kudu da Dutsin-Ma, sun rubuta yadda jinya ke zama hidimar gida gaba ɗaya, da yadda ake haɗa maganin malam da na boka da na asibiti a kan ciwo ɗaya.

A nan ma akwai inda al'ada ta gaza. Wanda ya yi ƙarfi yana duka akan sa shi a turu ko mari, wani lokaci na tsawon shekaru. Wanda ba shi da dangi yakan ƙare a bakin kasuwa yara na jifa. Gidan da aka san da taɓin hankali akan guje shi wajen aure, don haka ake ɓoye ciwon. Kunya da haƙuri, waɗanda ake yabon mutum da su, sukan hana magidanci faɗin abin da ke damunsa, domin an tashe shi a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Damuwar da ba ta kai hauka ba kuwa ba a cika ɗaukar ta ciwo ba, sai a ce rashin tawakkali ne ko lalaci.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944, tsarin En'e ya kafu. Babban canjin da ya shafi mai aiki shi ne biyan haraji da jangali da kuɗi. Manomi ya koma neman tsabar kuɗi ta hanyar gyaɗa da auduga, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan layin da ya bi ta Funtuwa ya kai Kauran Namoda a 1929. Cin rani ya ƙaru. Matasa kan bar gida bayan girbi su tafi birane dako da ga-ruwa da leburanci, inda babu gayya, babu wan da zai rufe gurbi ranar ciwo.

Mafi muni shi ne aikin tilas. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya wadda ke samar wa Ingila kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗibar dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos. Sanyi da ƙarancin abinci da cunkoso sun kashe mutane da yawa, wasu suka gudu, har aka dakatar da shirin a 1944. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 1941 raunin jiki ta fi mayar da hankali a kai. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, kan tsadar rayuwa aka yi shi.

A ɓangaren masu taɓin hankali, manufar Turawa tsarewa ce. An buɗe gidan mahaukata na Yaba a Legas a 1907, aka kafa dokar mahaukata a 1916, aka sabunta ta a 1958. A Arewa sau da yawa gidan yari ne masaukinsu. Sauyi ya fara ne a 1954, lokacin da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Marar lafiya yana zama a ƙauyen da ke kusa da asibiti tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa karɓar magani da rana, yana kuma taɓa ayyukan yau da kullum. Tsarin ya yi suna a duniya domin ya tabbatar da cewa zama cikin jama'a da ci gaba da aiki suna daga cikin magani.

Zamanin albashi

Ma'aikatan albashi na farko a yankin su ne na En'e: malaman makaranta, malaman asibiti, malaman gona, duba-gari da masu karɓar haraji. Adadinsu ya ƙaru sosai a shekarun 1970. Ƙarin albashin Udoji ya zo a 1974, shirin ilimin firamare kyauta da garambawul ɗin ƙananan hukumomi suka biyo a 1976. An kammala madatsar ruwa ta Zoɓe a kan kogin Karaɗuwa a 1983, aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, sun mayar da Dutsin-Ma garin malamai da ɗalibai.

Albashi ya kawo rufin asiri, ya kuma kawo damuwar da manomin gandu bai sani ba. Akwai canjin wurin aiki zuwa inda mutum ba shi da kowa, da jinkirin albashi, da ƙarin girman da ke maƙalewa, da aji mai ɗalibai fiye da ƙima, da jiran fansho da giratuti bayan ritaya. Dangi kuma suna kallon mai albashi a matsayin mai hali, kowa ya kawo kukansa gare shi. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta faɗi, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata. Rufe masaƙun Kaduna, ciki har da KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya mayar da dubban magidanta gida hannu rabbana.

Dokar ƙwadago ta 1974 ta tanadi hutun awa guda ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye, da hutun kwana ɗaya a mako, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida, da hutun rashin lafiya har kwana 12 da biya. Amma ba ta ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa ba, kuma ba ta shafi wanda ke yi wa danginsa aiki ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, duk suna nesa da mutumin karkarar Kurfi. A 1991 Nijeriya ta fitar da manufar sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya matakin farko, sai dai aiwatarwa ta yi rauni.

Fari, ƙwaya da rashin tsaro

Farin 1973 da na 1984, da yawaitar jama'a, da rarraba gonaki ta hanyar gado, sun raunana gandu. Gayya ta ja baya, ƙwadago na kuɗi ya maye gurbinta. Ɗan ƙwadago da ɗan acaɓa da ɗan dako abin da suka yi a yini shi za su ci, ranar da suka kwanta babu ko sisi. Wannan ne ya buɗe ƙofar shan ƙwaya don ƙarin ƙarfi, musamman taramol, wadda ke ɓoye gajiya na ɗan lokaci sannan ta bar mutum da jaraba da farfaɗiya da rikicewar tunani. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. Iyaye da yawa, saboda rashin wurin kai 'ya'yansu, sun koma ga gidajen mari. A watan Oktoban 2019 'yan sanda sun kai samame irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina, suka fito da mutane ɗaure da sarƙa.

Sai kuma ta'addancin 'yan bindiga daga dajin Rugu, wanda ya addabi Safana da Batsari da Ɗanmusa, ya kuma taɓa Kurfi da Dutsin-Ma. Gona ta zama wurin fargaba. Makiyayi kan wayi gari babu garke, malamin makaranta da ma'aikaciyar asibitin ƙauye suna tafiya aiki da zullumin hanya. Sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamban 2020 ya girgiza malamai da iyaye a duk jihar. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kuma taƙaita cinikin dabbobi da zirga-zirgar babura, abin da ya tsayar da sana'ar mutane da dama. Wanda ya tsira daga hari, ko ya sayar da gona don biyan kuɗin fansa, yakan daɗe yana fama da firgita da mugun mafarki da rashin barci da saurin fushi. Likitoci sun san waɗannan alamu a matsayin ciwo mai magani, amma a ƙauye sau da yawa haƙuri kawai ake ba mai su.

Sabbin dokoki

Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ita ce ta fara amincewa a fili cewa aiki na iya jawo ciwon damuwa. Sashe na 8 ya ba ma'aikaci damar neman diyya idan wani mummunan al'amari ya auka masa kwatsam a bakin aiki ya taɓa hankalinsa, ko likita ya tabbatar cewa yanayin aikin ne ya jawo ciwon, ko an canza masa aiki ta yadda ya fi ƙarfinsa ba bisa adalci ba. Masu ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF don wannan hidima. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958. Ta hana nuna wa mai wannan lalura bambanci wajen aiki, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya.

A matakin duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana a 2022 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka kai shekarun aiki suna da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ana asarar kwanakin aiki biliyan 12 a kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. Shawarwarinsu sun haɗa da rage nauyin da ya wuce ƙima, da koya wa shugabanni gane alamun damuwa, da hana cin zarafi, da sauƙaƙa wa wanda ya warke komawa bakin aiki.

Halin da ake ciki

Giɓin da ya rage babba ne. Dokokin sun fi amfanar mai albashi, alhali yawancin mutanen karkarar yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda ba su da takardar ɗaukar aiki balle diyya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga jama'ar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Tsadar rayuwa bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta ƙara wa kowa nauyi, duk da ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a 2024.

Saboda haka kulawar da ke isa ga mai aiki a yankin ta dogara ne a kan abubuwa uku. Na farko, ƙungiyoyin sana'a, irin na malamai da direbobi da 'yan acaɓa da manoman rani, waɗanda suka gaji aikin sarakunan sana'a na sasantawa da tara gudummawa. Na biyu, limamai da masu unguwanni, waɗanda maganarsu ke iya cire kunyar neman magani, ta kuma raba tsakanin tawakkali da barin ciwo ya ci mutum. Na uku, asibitocin matakin farko, inda shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ya nuna cewa ana iya horar da ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da jarabar ƙwaya, su ba da magani, su tura mai tsanani gaba. A ofis da makaranta kuwa, biyan albashi a kan kari, da ba da hutun da doka ta tanada, da rufa asirin marar lafiya, da karɓarsa idan ya dawo, su ne matakan da ke hannun kowane shugaba tun kafin a sami ƙwararren likita a kusa.